Ina Za Mu Kai Motocinmu A Duba Lafiyarsu? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Sufuri Na Jihohin Arewa

Zuwa ga masu girma Kwamishinonin Sufuri na jihohin Arewa 19, da shugabannin ofisoshin VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, da ke ƙarƙashinsu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku.

Ranku ya daɗe, ni bakanike ne. Garejina yana ɗaya daga cikin garuruwan da ba su ne hedikwatar jiha ba, kuma furfurata a ƙarƙashin mota ta same ni. Tambaya ɗaya ce ta sa na ajiye sifana na ɗauki alƙalami. Idan mutum ya wayi gari, ba kama shi aka yi ba, ba kuma takardunsa ne suka ƙare ba, yana dai son hukuma ta duba masa motarsa ta faɗa masa ko ta cancanci hawa titi da iyalinsa a ciki, ina zai dosa? A wace unguwa wurin yake? Ƙarfe nawa ake buɗewa? Nawa zai biya, kuma wa zai miƙa wa kuɗin?

Ku sa kayan gida wata rana, ku bar 'yan rakiya, ku shiga kowace tashar mota ku yi wannan tambayar. Nan da nan za a nuna muku inda ake sabunta takardu. Za a ma haɗa ku da wanda zai karɓo muku su kafin azahar, ku kuna zaune a inuwa kuna shan shayi. Amma ku ce ba takarda kuke nema ba, wurin da ake hawar da mota a kan na'ura a gwada birkinta kuke nema, sai ku ga direbobi suna duban juna. Wani zai ce ya taɓa jin akwai irinsa a babban birni. Wani zai ce a Abuja ya gani. Mafi yawansu za su tambaye ku abin da ya yi zafi.

Yadda takardar shaidar lafiyar mota ke zuwa hannun mai mota ba ɓoyayyen abu ba ne, ku ma kun sani. Mutum ya ba da tsofaffin takardu da kuɗi, a kawo masa sababbi a maƙale da juna: lasin mota, inshora, da ita takardar lafiyar a tsakiyarsu. Motar tana ƙofar gida a fake, ba wanda ya gan ta. Da idona na ga sabuwar takardar lafiya, da hatimi da sa hannu, ta wata bas wadda a ranar injinta yana ƙasa a garejina, tayoyinta biyu na baya a cire, an tokare ta da bulo. Mai ita bai ɓoye wa kowa komai ba, ba a dai tambaye shi ba ne.

Alhali kuwa doka ba haka ta ce ba. Dokokin hanya na ƙasa na 2012 sun tanadi a riƙa duba motar haya duk bayan wata 6, kuma aikin duba mota na jihohi ne, wato naku. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana sintiri a manyan hanyoyi tana kuma kwasar waɗanda haɗari ya rutsa da su, amma sa hannun da ke cewa wannan mota lafiyarta ƙalau daga ofishinku yake fitowa. A hankali takardar ta tashi daga shaida ta koma haraji. A ƙarshen wata abin da ake tambayar ofishin shi ne nawa ya tara, ba mota nawa ya mayar gida don birkinta ba ya kamawa ba. Ban ɗora wa ƙananan ma'aikata laifin duka ba. Jami'in da ba shi da ramin leƙa ƙarƙashin mota, ba shi da geji, ba shi da ko jak, me kuke so ya duba? Iyakarsa ya zagaya motar ya ce a kunna sigina.

Na san wasu jihohinmu sun kafa cibiyar gwajin mota mai aiki da kwamfuta, kuma na yaba. Sai dai inda aka kafa ta, galibi a babban birni ne. Arewa kuwa ƙasa ce mai faɗi. Direban da ke lodi a Biu, za ku ce ya tafi Maiduguri don a duba masa mota? Na Azare ya tafi Bauchi, na Kontagora ko New Bussa ya tafi Minna, na Zuru ya tafi Birnin Kebbi, na Kafanchan ya tafi Kaduna, na Gembu ya gangaro daga tsaunin Mambila har Jalingo? Wannan asarar yini guda ce ko biyu, ga man zuwa da na dawowa, ga kuɗin da mai mota ke jira da yamma. Sannan idan motar ba ta da lafiyar, mun sa ta yi tafiyar sa'o'i a babbar hanya kafin a gaya mata bai kamata ta hau hanya ba. Duk wanda ya auna wannan da ɗan abin da zai ba mai karɓo takarda, kun san wanne zai zaɓa.

Wata malamar makaranta ta taɓa kawo mini motar da ta saya, ta hannu, daga wurin wani dillali. Na duba mata iyakar abin da idona da kunnena za su iya, na gaya mata. Ta ce ta gode, amma tana son shaidar hukuma, domin da motar za ta riƙa kai 'ya'yanta gaishe da kakanninsu a wani gari mai nisa. Ta je wani ofishi da motar, ta fake ta a gabansu. Aka ce ta biya a banki ta kawo rasit. Ta kawo, aka miƙo mata takarda. Ta ce to ga motar can, wa zai duba? Aka ce ai an gama, Hajiya, sai ki sauka lafiya. Ita ce ta dawo ta yi mini tambayar da na buɗe wannan wasiƙa da ita, na rasa amsar da zan ba ta.

Bari in gaya muku abin da ke ƙarƙashin motocin da kuke sa wa hannu, tunda mu ne muke kwanciya a wurin.

Birki ne na farko. Idan bututun man birki na ƙafa ɗaya ya fara yoyo, kuɗin gyara kuma babu, akwai masu toshe shi da ƙusa ko su murɗe bakinsa, motar ta ci gaba da aiki da ƙafa uku. A cikin gari, a hankali, ba za ka gane ba. Ran da akuya ko yaro ya gifta a guje aka taka birki da ƙarfi, sai motar ta fizge gefe guda. Akwai masu zuba ruwan omo a madadin man birki. Ko man gaskiyan ma yana tsotsar danshi idan ya daɗe ba a canza shi ba, kuma a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a jihar Filato, inda ƙafar direba ke kan birki tsawon lokaci, zafi yana tafasa ruwan da ke cikinsa, sai ka taka ka ji birkin ya tafi ƙasa babu komai. Direba zai rantse maka da safe birkinsa lafiya yake, kuma gaskiya ya faɗa. A manyan motoci abin ya fi muni: tirela ɗauke da tan 30 ko fiye, birkin bodin baya ya daina aiki tuntuni, kan motar kaɗai ke riƙe wannan nauyi duka.

Sai ƙafa da sitiyari. Tayarod da boljoyin, ƙarafan da ke riƙe ƙafar mota suna haɗa ta da sitiyari, ba a yi su don a yi musu walda ba, amma ana yi, a shafa giris a kai a rufe. Ran da ya tsinke a kan gudu, taya ta kwanta, direba ya riƙe sitiyarin da ba ya jan komai. Haka motocin da aka shigo da su masu sitiyari a dama aka juya shi zuwa hagu a bakin titi. Tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mai irin wannan mota dole ya juya, kuma sau da yawa yanka da walda ne kawai aikin, ba tare da kayan da kamfani ya ƙera don haka ba.

Taya kuwa ita ce ta fi ba ni tsoro, don ita kowa yana ganinta amma ba mai karanta ta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, a mako na 23 na 2019 aka yi ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana jan kunne cewa taya tana da wa'adin shekara 4 daga ranar da aka yi ta. Amma me ake sayarwa a kasuwanninmu? Tayoyin da Turawa suka gama da su suka yar, har da waɗanda aka yi don ƙanƙarar hunturunsu, mu kuma mu ɗora su a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wasu ma idan zanen ya suɗe, sai a sa wuƙa mai zafi a sake sassaƙa shi, a shafa mata baƙi ta yi sheƙi kamar sabuwa. Sannan mai faci ya ɗura mata iska da gejin da ya lalace, ko ya buga ta da ƙarfe ya saurari ƙara ya ce ta yi.

Fitila ba sai na daɗe a kanta ba. Duk wanda ya yi tafiyar dare ya haɗu da mota mai ido ɗaya da ya ɗauka babur ce, da mai farar fitilar nan ta zamani da ke kashe idon na gaba, da tirelar da ta mutu a tsakiyar hanya babu danja babu alama, sai ganyen da yaron mota ya karyo ya zuba a kwalta.

Kada ku ɗauka masu yin haka mugaye ne. Na san su, maƙwabtana ne, wasunsu tare muke sahu a masallaci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin kayan gyara ya bi na fetur ya yi sama. Direban haya yana da kuɗin da zai kai wa mai mota kullum, ga na yuniyon, ga na shingayen hanya, ga cefane. Idan na ce masa a canza wannan, sai ya ce, Malam, lallaɓa mini shi zuwa Juma'a. Idan na ƙi, gareji na gaba zai yi. Ni ba ni da ikon hana motarsa fita. Wanda doka ta ba wannan ikon ku ne, kuma kun riga kun sa masa hannu.

Akwai kuma abin da ko bakanike mai tsoron Allah ba zai iya gani da ido ba. A cibiyar gwaji ta gaskiya, ana ɗora tayoyi biyu a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, a taka birki, na'ura ta rubuta ƙarfin da ƙafar dama ta kama da shi da wanda ta hagu ta kama da shi. A Ingila, idan bambancin ya wuce kashi 30 cikin 100, motar ta faɗi. Akwai faranti da ke girgiza ƙafar mota yayin da mai duba yake cikin rami da tocila, duk abin da ya saki sai ya nuna kansa. Akwai na'urar da ke auna inda hasken fitila ya dosa, da wadda ake zura wa salansa ta auna hayaƙi. Duka aikin bai kai awa guda ba. Motar nan mai ƙusa a bututun birki ba za ta wuce gangunan nan ba, kome iya bakin mai ita.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurran hanya a ƙasar nan a 2024. Wannan waɗanda aka rubuta ke nan. Ba zan ce lalacewar mota ce ta kashe su duka ba. Gudun wuce sa'a shi ne kan gaba a rahotannin hukumar, ga gajiya da barci, ga lodin mutane a kan buhuna da shanu. Amma fashewar taya da tsinkewar birki kullum suna cikin jerin, kuma gudu da mataccen birki ba rabuwa suke yi ba: mai gudu da lafiyayyen birki yakan tsira a inda mai gudu da birkin ƙafa uku ba zai tsira ba. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan haɗari. Mu ce tsautsayi ne, mu yi jana'iza, a ja tarkacen motar gefen hanya, 'yan gwangwan su zo su saye. Ba wanda zai leƙa ya ga me ya tsinke, ba kuma wanda zai ɗauko takardar lafiyar motar ya nemi wanda ya sa mata hannu ya tambaye shi yaushe ya gan ta. Mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ita ba ta taɓa hana a tambayi wanda aka ba amana ba.

Kuma wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Babbar mota ce ta manya, irin wadda ku ma kuke shiga.

Ranku ya daɗe, jami'anku sun fi shekara nawa suna neman lafiyar mota a inda ba za a same ta ba, wato a tsakiyar titi, da tsayar da mutane a cikin rana ana jayayya a kan takarda. A watan Oktoban 2024, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da hurumin tsayar da motoci a hanya, ko kama su, ko cin tarar masu su. Ni ba lauya ba ne, kuma kowace jiha da dokarta. Amma na ga yadda mutane suka yi murna da hukuncin har a nan garinmu, kuma murnar ta isa ta nuna muku yadda jama'a ke kallon ofishin. Ba wanda ke tuna shi a matsayin wurin da aka taɓa ceton ransa. Ga KAROTA a Kano, ga KASTLEA a Kaduna, ga takwarorinsu a sauran jihohi, ga 'yan sanda, ga jami'an kiyaye haɗurra. Titi ba ya ƙarancin masu tsayar da mota. Wanda babu shi ne mai tsayawa a bakin rami ya duba ta.

Legas ta gwada wata hanya. Daga Janairun 2022 ta ce babu takardar lafiya sai an kai mota cibiyar gwaji an gan ta, ta kuma baza cibiyoyin a sassan jihar. Mutane sun yi ƙorafin layi da ɓata lokaci, kuma ba a rasa masu zagayewa ba. Duk da haka, mutumin Legas ya san inda zai kai motarsa. Amma Legas ƙaramar jiha ce a faɗin ƙasa, mai kuɗi kuma, ba zan ce ku kwafe ta yadda take ba. Tsarin da ya fi dacewa da mu, a ganina, shi ne na Ingila. Tun 1960 suka fara gwajin, kuma gwamnati ba ta ce sai ta gina wuraren da kanta ba. Gareji masu zaman kansu sama da 20,000 ta ba lasisi, ta ƙayyade musu kayan aiki da mafi yawan kuɗin da za su karɓa, tana aika masu bincike, wanda aka kama da maguɗi a ƙwace lasisinsa. Duk motar da ta kai shekara 3 sai an gwada ta kowace shekara, kuma kowa yana iya sa lambar mota a intanet ya ga tarihin gwajinta. Idan kun ce wannan Turai ce, to Ghana ma ta ba kamfanoni masu zaman kansu lasisin gwajin mota a ƙarƙashin hukumar lasisinta.

Abin da nake roƙo na farko bai buƙatar kasafin kuɗi. Kowace jiha ta fitar da sunayen wuraren da ake duba mota da gaske, da adireshinsu, da ranakun aiki, da farashi. A karanta a gidajen rediyo da Hausa da sauran harsunan jihar, a liƙa a kowace tasha da kowane ofishin sabunta takardu, a sa a shafukan ma'aikatunku na Facebook. Idan wuri ɗaya ne kacal a jihar, a faɗi ɗayan. Idan babu ko ɗaya, to a daina karɓar kuɗin gwajin da ba a yi ba har sai an samar.

Bayan haka a matso da abin kusa da mutane. A fara da cibiya guda a kowace shiyyar sanata, a garin da ya fi tasha da kasuwa, ba garin da ya fi ɗan siyasa ba. Akwai na'urorin gwajin birki da ake ɗaukowa a bayan mota a girke a fili. Irin wannan za ta iya zagaya ƙananan hukumomi da jadawalin da kowa ya sani, ta kwana a tasha washegarin ranar kasuwa, lokacin da motocin ƙauye suke hutawa. Sannan a buɗe ƙofa ga masu gareji da 'yan kasuwar da za su iya sayen kayan aikin. Sharaɗi guda zan ƙara wanda Ingila ba ta sa ba, kuma ina faɗinsa ne duk da cewa ni zai fara shafa: wanda ke gwaji kada ya yi gyara, kada ya sayar da kayan gyara. Na san halinmu. Idan aka haɗa wa mutum biyun, ko dai ya kayar da lafiyayyar mota don ya sayar da boljoyin, ko ya tsallakar da matacciya don mai ita abokin cinikinsa ne.

Masu aikin ba sai an ɗauko su daga waje ba. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya, ga kwalejojin kimiyya da fasaha a kowace jiha suna yaye matasan da ke zaune ba aiki, ga ƙungiyarmu ta makanikai, NATA, wadda ta san kowane gareji da mai shi. Ku haɗa mai takardar makaranta da wanda ya yi shekaru da sifana a hannu, ku ba su horo na 'yan watanni da jarrabawa, za ku sami masu duba mota da ba a yi musu wayo.

Za ku ce, ai nan ma cin hanci zai biyo. Zai biyo, idan aka bar masa ƙofa. Maganinsa shi ne kada sakamako ya fito daga bakin mutum. Na'ura ta buga shi da kanta, da hoton motar a kan gangunan, da lambarta, da rana da lokaci, da sunan wanda ya duba. Kuɗi ya tafi ta banki. Fasinja ko mai sayen mota ya iya tura lambar mota ta waya ya ga ranar da aka gwada ta. Idan kuma mota ta yi mummunan haɗari, a binciki tarkacenta, a buɗe fayil ɗinta. Cibiyar da ta tsallakar da birki matacce ta rasa lasisinta, a kuma faɗi sunanta a rediyo.

Akwai maganar da dole a faɗa, ko da ba ta da daɗi. Idan gobe kuka ce duk motar da ba ta cika ƙa'idar Turai ba ta sauka daga titi, rabin motocin da ke kai mutanen ƙauye kasuwa da asibiti za su tsaya, kuɗin mota ya ninka, mutane su koma bayan tirela, wanda ya fi haɗari. Don haka a fara da abubuwa huɗun da ke kisa: birki, taya, sitiyari da fitila. Fenti, hayaƙi, tsagewar kujera da lotsewar bodi a rubuta wa mai mota su a matsayin shawara, a bar su zuwa gaba. Wanda motarsa ta faɗi kada a ci shi tara, kada a ƙwace makullinsa. A ba shi takardar abin da ya lalace da kwana 30 ya gyara ya dawo a sake gwadawa kyauta. Mutumin da ya kawo kansa aka wulaƙanta shi ba zai sake zuwa ba, kuma zai gaya wa duk tashar kada su je. Kuɗin da ake karɓa yanzu da sunan takardar lafiya shi ne kuɗin gwajin. Kada a ƙirƙiro wani sabo a kansa.

Sannan ku gafarce ni, Bahaushe ya ce in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. A fara da motocin gwamnati. Motocin sufuri na jihohi, irin su Kano Line, Borno Express, Yankari Express da Gombe Line, motocin ɗaukar marasa lafiya, bas-bas ɗin makarantu da na 'yan wasa, motocin rakiyar manya, har da wadda ke kai Kwamishina ofis, su shiga layi a gaban jama'a. Daga nan a je ga tankokin mai, tireloli da tifofi, sai bas-bas da ƙananan motocin haya masu dogon zango. A zauna da shugabannin NURTW, yuniyon ɗin direbobi, da NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, tun kafin a fara, domin idan yuniyon ta ce motar da ba ta da shaidar gwaji ba za ta yi lodi a tasharta ba, kun huta da bin kowa a titi. Motocin gida su zo a ƙarshe.

Wani sabon abu kuma ya shigo da bai jira ku ba. Tun da fetur ya yi tsada, mutane suna mayar da motoci da A Daidaita Sahu zuwa gas na CNG. Tukunyar wannan gas tana ɗaukar matsin da ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, ba abin da mai walda zai haɗa a bakin titi ba ne. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin na jihar Edo, aka gano tukunyar haɗin gida ce. Mu nan ba mu rasa masu ƙarfin halin yin irin wannan ba. Duk cibiyar da za ku buɗe, a sami wanda ya san duba tukunya da bututunta a ciki.

Direbobi za su ce muku, ku fara gyara hanya tukuna. Suna da gaskiya rabi. Ramin hanya shi ke karya ƙafar mota, kuma wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da aka kwashe ana aikinta tun 2018 ya san kuɗin da ya kashe a gareji. Amma mummunar hanya dalili ce ta a ƙara yawan duba mota, tunda abin da zai yi shekara biyu a wata ƙasa a nan wata shida yake yi. Kuma mun ga yadda sabuwar kwalta ke cin rai, domin a kanta ne tsohuwar taya ke samun gudun da zai fasa ta.

Lokutan da hanyoyinmu suka fi cika sanannu ne: ƙarshen shekara, da jajibirin Sallah ƙarama da babba. Ina roƙon kowane Kwamishina ya fitar da jerin wuraren gwaji na jiharsa kafin na gaba a cikinsu ya zo, ya kuma sanya rana guda da za a kawo na'ura babbar tashar kowace shiyya a duba motocin haya kyauta, ba kamu ba tara. Idan rami ko jak ko hannun aiki ne babu a garin da za a je, ku aiko wa reshen ƙungiyar makanikai na wurin da takarda mako guda kafin ranar, za mu tanada.

Wassalam.

Naku,
Wani bakanike daga ɗaya daga cikin garuruwan Arewa.